Abin da Ke Cin Tayar Mai Girma

Jama'a, ku yi mini afuwa in kun ji rubutun wannan mako yana ɗingishi. Ina yin sa ne ƙafata ta dama tana kan kujera, babban yatsa ya kumbura ya yi suntum, uwargida ta naɗe shi da tsumma. Dutse ne ya faɗo masa. Ba kuma dutsen banza ba, dutsen hukuma ne, mai sheƙi, mai rubutu da ruwan zinariya. To ni wa ya kai ni? Da yatsan yana da baki da godiya zai yi, don ba kowane talaka ba ne kayan hukuma ke taɓa jikinsa.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Ranar Litinin ta makon jiya ina layin shan mai da 'yar ƙwaramar motata. Tun sassafe muke turawa kaɗan-kaɗan, har Allah ya kawo ni na bakwai daga famfo, ina jin ƙamshin fetur a hancina. Sai ga wayar uwargida.

"Maigida, ka zo yanzu. Yaya ya zo, ya ƙi zama, ya ƙi cin abinci."

Na fara juya sitiyari zan fita daga layi. Maƙwabcina tela, wanda ke bayana a kan babur, ya leƙo ta taga yana zare ido.

"Kai, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Surukina ne ba ya jin daɗi."

"Haba malam! Ko rasuwa ce ai sai ka sha mai tukuna, in ba haka ba da me za ka je gaisuwar?"

Gaskiya ya faɗa, amma na fita. Kafin in gama juyawa ya cike gurbina yana yi mini addu'ar Allah ya sawwaƙe.

Wannan Yaya da kuka ji yayan uwargida ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Direba ne a ofishin wani babban mutum da zan kira Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara masa almakashin yanke kirtani. Shekara ashirin da shida Yaya yana jan manya, saura masa wata takwas ya ajiye aiki. Mutum ne da in ya tsinci biro a kujerar baya sai ya bi mai shi har hawa na uku. Ni har haushinsa nake ji wani lokaci, don zama kusa da irinsu yana sa mutum ya riƙa jin kansa da datti.

Na same shi tsaye a tsakar gida da takarda a hannu. Takardar tuhuma ce. Wai jif ɗin da yake ja ta cinye tayar baya ta hagu sau huɗu a shekara guda, alhali sauran ukun suna nan garau. Wai sau huɗu ana kai motar babban garejin kamfani, ana ɗora ta a kan na'urar alaimen, wato mai duba ko ƙafafun mota a miƙe suke, na'ura tana cewa lafiya lau. Saboda haka ofis ya yi zurfin tunani ya gano cewa direba ne ke cire sabuwar taya yana maƙala tsohuwa. An kafa kwamiti, zai zauna ranar Alhamis.

"A rumfar direbobi sun fara kirana Mai Taya," in ji Yaya. "Ran nan da na shiga, wani ya tashi ya je ya tsaya kusa da motarsa, wai yana gadi. Suka yi ta dariya."

Sai hawaye. Wallahi ban taɓa ganin hawayen bawan Allahn nan ba sai ran nan, kuma abin ya ƙona mini rai. Ya ce shi ba korar ce ta dame shi ba. Abin da ya hana shi barci shi ne a sallame shi da sunan ɓarawo, jikokinsa su tashi ana nuna su ana cewa ga jikokin Mai Taya.

Na ce, "Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Ɗauko motar mu je wurin Baba Mai Zare."

Baba Mai Zare tsoho ne mai garejin alaimen a bayan masu faci. Yana da na'ura irin ta zamani da ɗansa ya kawo masa, amma bai yarda da ita ba. In ta gama ƙyafta fitilunta sai ya zaro zare daga aljihu, ya ja shi daga tayar gaba zuwa ta baya, ya tsuguna ya rufe ido ɗaya. Ya ce na'ura abin da aka nuna mata kawai take gani.

Aka hau da jif kan rami. Baƙa ce wuluk, doguwa, gilashinta mai duhu, irin wadda in ta taho kai da kanka za ka faɗa kwata don girmamawa. Na'ura ta yi kore. Baba ya ja zarensa, zare ma ya ce a miƙe take. Yaya ya dafe kai ya ce shi ke nan, ta tabbata.

Baba bai kula shi ba. Ya sauka cikin rami, ya zura hannu bayan tayar hagu yana shafawa a hankali, sannan ya kira ni in taɓa. Gefen waje zanen taya na nan raɗau, har yatsa na shiga. Gefen ciki kuwa ya yi sanƙo, sumul kamar bayan cokali.

"Wane irin ɓarawo ne wannan?" in ji Baba. "Ya bar taya uku ya nace wa ɗaya, kullum ta hagu ta baya. Sannan ya bi gari yana neman tsohuwar da ta cinye ta ciki kaɗai don ya musanya. Ai wannan ba sata yake ba, wahala yake nema." Ya fito yana goge hannu, ya dubi Yaya. "Direba, me kake ɗauka a bayan motar nan?"

"Mai Girma nake ɗauka, Baba."

"Mai Girma a dama yake zama, ga shi nan kujerar ta lotsa. Ni hagu nake tambaya. Cikin but."

Yaya ya buɗe but. Fayau, ko tsinke babu. Amma kafet ɗin gefen hagu ya kwanta, ya yi shaidar wani abu mai kusurwa huɗu, ga kuma farin gari a lungu. Baba ya dangwala ya murza a yatsa, ya shinshina.

"Siminti," ya ce. "Ɗana, ba a zuwa wurin likita a bar ciwon a gida. Mota irin wannan, in ka danne ta da nauyi a gefe guda, sifirin da ke riƙe ƙafar ya kwanta, ƙafar sai ta buɗe, saman taya ya karkata ciki. Sai ta riƙa tafiya a kan gefe ɗaya, titi yana gurzar ta. In ka sauke kayan ta miƙe ta yi kamar ba ita ba. Ku kuna kawo mana ita da kayan fita unguwa, mu auna mu ce lafiya. Je ka kawo mini ita yadda take rayuwa."

Muka kama hanyar komawa har muka wuce shataletale biyu. Sannan Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa kamar akwai mai ji a kujerar baya, an yi masa kashedi tun ranar farko cewa kada idon baƙo ya ga kayan. Shi ya sa duk ranar zuwa gareji yake biyawa ta gida ya sauke. In ya nuna, ya tona asirin ofis. In bai nuna ba, shi ɓarawo ne. Gaba kura, baya sayaki.

Na ce, "Yaya, wai mene ne? Gawa ce?"

"Gobe da safe ka zo. Ka karya da kyau kafin ka taho."

Ranar Talata na same shi a bayan ɗakinsa, kusa da igiyar shanya, tsaye a kan wani abu da aka lulluɓe da tamfol. Ya yaye. Jama'a, dutsen aza harsashi ne! Falalen farin dutse mai sheƙi, an manne shi a jikin ƙaton bulo na kankare. An rubuta da ruwan zinariya cewa Mai Girma Uban Ayyuka ne ya aza wannan harsashi da hannunsa mai albarka. A wurin sunan aiki kuwa an bar gurbi mai 'yar hanya, haka ma wurin kwanan wata. Yaya ya buɗe wata jaka ya nuna mini ƙananan alluna da ake zurawa a gurbin: Asibiti, Makaranta, Gada, Kasuwar Zamani, Gidan Ruwa. Akwai cokalin magini na azurfa, da bokiti, da jan labule da ake ja a tafa.

Ashe dutse ɗaya ne tal. A kai shi unguwa, a zura allon da ya dace, Mai Girma ya shafa siminti cokali biyu, a ja labule, a ɗauki hoto. Da jama'a sun watse, tun siminti bai kama ba, Yaya da masinja su ciccibe shi su wanke, a mayar but. In wani ya tambaya, a ce za a kai shi ajiya ne kada ɓata-gari su sace. Da can a tsakiyar but ake ajiye shi, har ranar da aka taka birki da ƙarfi ya zame ya daki bayan kujerar Mai Girma. Tun daga ranar aka ba da umarni a tura shi can hagu a ɗaure.

Na tsaya ina kallon dutsen nan, sai na ga wata 'yar ɓantara a kusurwarsa ta sama. Ai na san ta! Shekara biyu da suka wuce, da aka zo aza harsashin asibitin unguwarmu, ni ne a sahun gaba. Na sa sababbin kaya, na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja, na ga wannan ɓantarar har na ce wa tela kai, masu ɗauko kaya ba su da kula. A wannan shafin na rubuta cewa kakarmu ta yanke saƙa. Filin yana nan har yau, awaki ne ke karɓar haihuwa a ciki.

"Yaya! Kai ma da kai aka yi mana wannan?"

"Ni direba ne, ƙanena. An ce ɗauka, na ɗauka." Ya sunkuyar da kai. "Ran nan na hango ka kana tafi. Wallahi ban iya cin abincin rana ba."

Na so in yi masa faɗa, amma da wane baki? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na naɗe hannun riga muka kama dutse, shi gefe ni gefe. Abin da Yaya ke ɗagawa sau biyu sau uku a mako, ni taku huɗu na yi da shi idona ya fara ganin taurari. Daf da bakin but hannuna ya suɓuce. Sauran labarin yana nan naɗe a kan kujera. Ihun da na yi sai da matar Yaya ta fito da ludayi a hannu, shi kuwa gogan naku dutsen ya fara dubawa, wai kada ya sake ɓantarewa.

Muka koma wurin Baba, Yaya na tuƙi ni ina nishi. Tun daga bakin gareji tsohon ya fara gyaɗa kai, don jif ɗin ta zauna a kan ɗuwawun hagu. Aka hau rami. Na'urar da ta yi kore jiya ta koma ja tana ƙara. Baba ya ja zare, sai ga saman taya ya kauce masa har yatsa biyu na shiga tsakani. Ya leƙa but, ya karanta rubutun zinariya tun daga sama har ƙasa, ya ɗauki jakar alluna yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Gidan Ruwa sai ya daɗe yana kallo.

"Wannan a unguwarmu aka zura shi," ya ce. "Har rumfa na ba su aro."

Ya yagi takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa direba bai taɓa taya ba, kaya ne mai nauyi a gefen hagu ke karkatar da ƙafa. Ya sa hannu, ya dangwala yatsa mai baƙin mai a ƙasa don ƙarin tabbaci.

Ranar Alhamis na raka Yaya ina dogara sanda. Kwamitin binciken taya ɗaya mutum tara ne, sun zo a jif bakwai. An ce ƙarfe goma, ba a kira mu ba sai bayan biyu, don sai da aka sha shayi, aka duba bayanin zaman da ya wuce, aka sake shan shayi. Allah ya saka musu, aikin jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Shugabansu wani mai tumbi ne da biro uku a aljihu. Ya karɓi takardar Baba da yatsa biyu, ya karanta yana yamutsa fuska.

"Kaya mai nauyi? Wane kaya ne a motar Mai Girma?"

Na dubi fuskokin nan tara, na ga babu wanda bai sani ba. Kowannensu ya taɓa tsayawa a bayan jan labulen nan yana murmushi a hoto. So suke Yaya ya yi shiru, a rubuta ɓarawo, a tashi. Yaya ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

"Ranku ya daɗe, motar tana ƙasa. In za ku daure ku sauko."

Suka sauko a jere, ba don suna so ba. Yaya ya buɗe but a tsakiyar filin ajiye motoci, rana ta haska ruwan zinariya, direbobin rumfa suka fara miƙewa suna leƙe. Mutum tara suka ga dutse, nan take kowa ya sami abin kallo a wani wuri. Wani ya duba agogo, wani ya duba sama ko za a yi ruwa.

"Rufe! Rufe!" in ji shugaba. "Wa ya ce ka buɗe?" Sai idonsa ya faɗo kaina. "Wannan kuma wane ne?"

"Ƙanena ne, ranka ya daɗe. Mai ciwon ƙafa ne, ba ya gane komai."

Na karɓi wannan shaida hannu bibbiyu, na ƙara langaɓewa a kan sanda.

Suka koma sama suka rufe ƙofa. Awa guda muna zaune a gefen kwalbati, Yaya yana juya hula a hannu. Ya ce mini in sun kore shi don ya buɗe but, ya yafe, aƙalla 'yan rumfa sun gani da idonsu. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni, ina tunanin abin da zan faɗa wa ƙanwarsa in mun koma.

Da aka kira mu, shugaba ya miƙe ya karanta sakamako. Na ɗaya, kwamiti ya wanke direba tas, babu hannunsa a lalacewar taya. Na biyu, kwamiti bai ga wani kaya a but ba. Na uku, kayan da ba a gani ba ɗin an gano yana da illa ga lafiyar mota saboda ya taru a gefe guda.

Na ce a raina alhamdu lillahi, yau za a sauke dutsen nan, wataƙila ma a bar shi a wani fili har gini ya tsiro a bayansa. Ashe ban san manya ba.

"Saboda haka," in ji shugaba, "kwamiti ya ba da shawarar a sassaƙo na biyu, daidai girman na farko, a ɗaure shi a gefen dama don mota ta daidaita."

Aka tafa. Wani daga cikinsu ya ƙara da cewa wannan zai ba Mai Girma damar aza harsashi biyu a fita ɗaya, aka sake tafawa.

Ku da kuke cewa hukuma ba ta aiki da sauri, ku ji tsoron Allah. Cikin kwana uku dutse na biyu ya iso, da jakar allunansa da labulensa. Tunda nake ban taɓa ganin shawarar kwamiti ta zama aiki kafin tawada ta bushe ba sai wannan karo.

Jiya Yaya ya zo duba ƙafata. Ya shigo a ɗan sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu, sai da ya dafa bango kafin ya zauna. Masinjan da ke kama masa ya nemi canjin wurin aiki tun da ya ji labarin na biyu, yanzu sai wanda Allah ya kawo. Ƙanwarsa ta gan shi ta fashe da kuka, ta ce wata takwas ɗin nan za su ƙarasa shi. Shi kuwa fuskarsa fes, sai murmushi. Ya zaro takardar wankewa daga aljihun gaba, an riga an sa mata leda, ya miƙa mata.

"Bar kuka, ƙanwata. Wannan bayan nawa in na kwanta zai huta. Karanta ki ji, sun rubuta ni ba ɓarawo ba ne."

Ta karanta tana share ido, shi kuma ya sa ta maimaita layin farko.

Kafin ya tafi na tambaye shi ko ya koma wurin Baba da motar. Ya ce ya koma, da duwatsun biyu a ciki. Tsohon ya ja zare ta hagu, ya ja ta dama, ya ce ƙafafun baya duka sun buɗe, amma sun buɗe daidai wa daida. Daga yanzu tayoyin biyu tare za su riƙa cinyewa, rana ɗaya za a canza su, babu wadda za ta yi wa 'yar'uwarta gori.

To kun ji, masu ƙorafin ba a adalci. Ga shi dai an fara, daga tayoyin baya. Mu da ke tafiya a ƙasa sai mu ƙara haƙuri, layi ne, zai zo kanmu.